Jiragen Yaƙin Da Suka Ya Da Zango A Kano

A cikin watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a ɓangaren Hitila, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga jiragen ruwan Ingila. Ga shi kuwa sojojinta da ke Masar suna matuƙar bukatar jiragen sama na yaƙi. Sai Turawa suka yi dabara: a kawo jirgi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa shi, ya tashi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy (watau Njamena), da Hartum, har Masar. Da yake Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta, hanya ta buɗe. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba, jirgin Blenheim ɗaya yana ja-gaba, ƙananan jiragen Hurricane suna biye.

Shi Hurricane, wanda Sydney Camm ya tsara, ya fara tashi a 1935, kuma iri-iri ne. Na farko yana da injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce mai ƙarfin doki 1,030, da bindigogi masu jigida 8 a cikin fikafikansa. Da aka zo iri na biyu sai aka sa masa Merlin XX, wanda ya fi ƙarfi, aka kuma kasa shi bisa ga makamansa. Mai lamba IIB yana ɗauke da bindigogi 12, IIC yana da ƙananan igogi 4 masu bakin milimita 20, shi kuwa IID igogi 2 ne gare shi masu bakin milimita 40, waɗanda aka yi ta fasa tankokin Jamus da su a hamadar Afirka ta Arewa a 1942.

Amma fa babban abokin gāban inji a wannan hanya shi ne ƙura. Rairayi in ya shiga inji sai ya cinye shi kamar gara. Don haka aka ɗaura wa jiragen matacin iska na Vokes a ƙarƙashin hanci. Ya rage musu gudu, amma ya ƙara wa injin kwana. An kuma rataya musu ƙarin tankunan mai, domin tafiyar ta fi mil 3,500.

Kafin ƙarshen 1943, jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Masu karatu su lura: igwa komai girmanta ba ta da amfani sai ta isa fagen fama, kuma ba ta isa sai da masauki, da mai, da makanikai, da leburorin da suka share fili. Wannan shi ne rabon Kano da Maiduguri a cikin nasarar da aka samu a hamada. Ya kamata malaman tarihi su riƙa koya wa ɗalibai shi, kada labarin ya bi waɗanda suka yi aikin zuwa kabari.