Wajibcin Ƙayyade Zurfi a Manhajojin Warware Bayanai

Yawancin manhajojin da ke warware bayanan JSON sukan kira kansu duk sa'ad da suka tarar da jeri a cikin wani jeri, kuma kowane kira yana cin gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Dabarar tana da sauƙin rubutawa, sai dai ƙofa ce ga mai mugun nufi. Ya isa ya turo saƙo mai buɗaɗɗun baka 1,000,000 a jere: gurbin ya cika, manhajar ta faɗi, jama'a su rasa hidimar sabar, alhali bai mallaki kalmar sirrin kowa ba.

Maganin sananne ne. Ƙa'idar RFC 8259 ta halatta ƙayyade zurfin jeri. Manhajar serde_json ta harshen Rust tana tsayawa a hawa 128, Jackson ta Java kuwa ta sanya iyakar 1,000 a shekarar 2023.

Masu cewa iyaka tana tauye sahihan bayanai suna da ɗan uzuri, amma da wuya bayanan yau da kullum su kai wannan zurfi. Kamata ya yi iyakar ta zo a kunne tun daga masu ƙera manhajar. Mai buƙatar ƙari ya ɗaga ta da saninsa.