MALAMIN DA YA KULLE ƊAKIN WASA

'Yan'uwana ɗalibai, tun ran Asabar da aka nuna mana majigin nan Coach Carter gardama ba ta ƙare a ɗakin cin abinci ba. To, ga nawa ra'ayin.

Tushen labarin gaskiya ne. Cikin shekarar 1999 wani malamin ƙwallon kwando, Ken Carter, na makarantar Richmond a Jihar Kalifoniya ta Amurka, ya sa kwaɗo ya kulle ɗakin wasa, alhali kuwa ba a ci yaransa ko sau ɗaya ba a wannan zagaye. Dalili, waɗansunsu sun karya alkawarin da suka sa wa hannu, watau su riƙa zuwa aji, su zauna a gaba, makinsu kuma kada ya kasa 2.3. Cikin 2005 aka mai da labarin majigi, Samuel L. Jackson ya fito a malamin.

'Yan kallo suka yi dafifi, har a makon farko babu majigin da ya kai shi kasuwa a Amurka. Amma masu sharhi a jaridu sai suka rabu. Sun yaba wa Jackson, sa'an nan da yawansu suka ce ɗumame ne: kangararrun yara, malami mai zafi, daga baya kowa ya shiryu. Suka ce ya wuce awa biyu, wa'azi kuma ya yi yawa.

Ban ce sun yi ƙarya ba. Amma wanda ya kalli irin wannan sau ɗari dole ya gaji, mu kuwa da za mu tsaya gaban allo baɗi ba mu gaji da maganar ba tukuna. Sun kuma manta abu guda: a wasan ƙarshe an ci yaran, ba su ɗauki kofi ba.

Ni abin da ya dame ni dabam ne. Mai kallo ya kan fita yana tsammani kwaɗon ne ya yi aiki. Bara, sa'ad da na je gwajin koyarwa, na hana wani yaro ƙwallo don ya faɗi lissafi. Ina jin kaina gwani. Kwana uku, sai yaro ya daina zuwa makaranta ɗungum. Ashe ƙwallon nan ita ke fito da shi daga gida da safe! A majigin, malamin ya bi malamai ya karɓo sakamakon yaransa, ya kai su ɗakin karatu, aka zauna da su. Ni ko littafin yaron ban buɗe ba, hani kaɗai na iya.

An ce makarantar nan za a sāke tura ni bana. Kadan haka ne, kafin in shiga aji sai na nemi gidan ubansa.