Ba Kowane Ciki Ne Ya Kwanta Ba

A Argungu da ƙauyukan fadamar Rima, idan cikin mace ya tashi, wata tara ta wuce ba naƙuda, sai dattijai mata su ce ciki ne ya kwanta. Daga nan a shiga jiƙe-jiƙe domin tayar da shi. Sau da yawa kuwa babu ɗa a cikin nan. Ƙarin mahaifa ne, wanda likitoci ke kira faibiroid.

Wannan ƙari tsiro ne daga naman mahaifar kanta, kuma ba sankara ba ne. Sinadaran jiki masu tafiyar da haila ke ciyar da shi, shi ya sa yakan motse bayan mace ta daina al'ada. Ya fi addabar mata baƙar fata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna samunsa kafin su cika shekara 50. Galibi ƙanana ne, ba sa damun kowa.

Idan ya girma ne ake jin jiki. Haila takan yi yawa, da gudaji, ta zarce kwanakinta har jinin jiki ya ragu. Mai turara shinkafa sai ta kasa ɗaga tukunya saboda jiri da haki. Yakan danne mafitsara, fitsari ya yawaita; ya danne hanji, bayan gida ya yi wuya. Wani yakan matse hanyar fitsari har ƙoda ta kumbura, wani ya jawo ɓari ko jinkirin haihuwa. A nan aure kan girgiza, a zargi kishiya da sammu.

Matanmu sukan tambayi malamai hukuncin sallar mai istihala, kuma daidai ne. Roƙona shi ne malam ya ba da fatawa, sannan ya ce a tafi asibiti. Hoton ciki na 'yan mintoci ya isa ya bambanta juna biyu da ƙari, ko a Babban Asibitin Argungu, ko a Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi.

Masu tsoron a cire musu mahaifa su sani ana iya cire ƙarin kaɗai, musamman idan an zo da wuri. Jinkiri ke ƙuntata zaɓin likita. Maigida, kuɗin hoton nan bai kai na saiwoyin shekara uku ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.