Gatsby Ba Labarin Soyayya Ba Ne

Tun da fim ɗin Baz Luhrmann ya fito a 2013, aka ga Leonardo DiCaprio ya ɗaga kofi yana murmushi, jama'a suka yanke wa littafin The Great Gatsby hukunci: wai labarin wani bawan Allah ne da ya tara dukiya don ya dawo da masoyiyarsa. Har liyafa ake shiryawa da sunansa, a caɓa ado irin na shekarun 1920. Wannan fahimta cin amanar marubucin littafin, F. Scott Fitzgerald, ce.

A ƙirga gawarwakin da ke cikin labarin. Uku ne. Myrtle Wilson, matar mai gareji, mota ta banke ta. Mijinta George ya bindige Gatsby a tafkin wankan gidansa, sannan ya kashe kansa. Shi kuwa Gatsby, sunansa na yanka James Gatz, ɗan talakawan manoma daga jihar North Dakota. Dukansu 'ya'yan talakawa ne. To, wa ke tuƙa motar? Daisy, masoyiyar Gatsby. Wa ya nuna wa George hanyar gidan Gatsby? Mijinta Tom Buchanan. Waɗannan biyun da suka buɗe ido cikin arziki, sai suka haɗa akwatuna suka bar gari, ko adireshi ba su bari ba.

Masu son shagali kan tsallake kwarin toka, alhali nan ne zuciyar littafin. Juji ne na gaske da ya taɓa kasancewa a Corona, cikin Queens, inda a wancan zamani ake zubar da tokar gawayin birnin New York. A gefensa George yake, ƙura ta rufe masa kafaɗu, yana roƙon Tom ya sayar masa da mota ko ya samu 'yar riba, bai san Tom ɗin ne ke neman matarsa ba. Attajirai na ratsa wurin kullum, ba mai waiwaye.

Kuɗin shagalin fa? Amurka ta haramta sayar da giya a 1920, Gatsby kuma ta bayan fage yake sayar da ita a kantunan magani, tare da Meyer Wolfsheim. Marubucin ya ɗauko wannan mutum daga Arnold Rothstein, ɗan cacar da aka zarga da murɗe gasar ƙarshe ta wasan besbol a 1919. Tom kuma, a kan teburin cin abinci yake kumfar baki wai baƙaƙe da sauran jinsuna za su rinjayi farar fata. Ba shi kaɗai ba ne: a 1924 majalisa ta yi dokar da ta taƙaita shigar baƙi ƙasar ƙwarai.

Za a ce ai Gatsby ya so Daisy tsakani da Allah. Ya so ta, amma a duba da me ya yi zawarcinta. Tulin rigunansa da ake aiko masa daga Ingila ya watsa a gabanta, ta kifa kai a cikinsu tana kuka. Shi da bakinsa ya danganta muryarta da kuɗi. Ɗaruruwa sun ci sun sha a gidansa, ranar jana'izarsa mutum ɗaya tak ya zo daga cikinsu.

Littafin ya fito a Afrilun 1925, ana tsakiyar sharholiya, kuma bai yi kasuwar da marubucinsa ya sa rai ba. A Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta durƙushe, miliyoyin ma'aikata irin su George suka rasa abin yi.