Tauraro a sama, yaro a ajin zana

A watan Nuwamban 2024 Nijar ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan sayen taurarin ɗan adam guda uku. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. Duka biyun na yi murna da su. Tambayata ɗaya ce: wa zai tuƙa taurarin nan shekara ashirin masu zuwa? In amsar ita ce 'ya'yanmu, to mu leƙa inda suke zaune yau.

A nan Garagumsa, daga Takeita har ƙauyukan da ke nesa da kwalta, yaro ɗan shekara bakwai yana shiga lakwal da Hausa cike da bakinsa. Ya iya ƙirga awaki, ya iya canjin dala ashirin a kasuwa, ya san tatsuniya da kacici-kacici. Ranar farko sai a gaishe shi da harshen da ko kakarsa ba ta taɓa ji ba. Daga nan ya koyi darasinsa na farko: yin shiru. In ya yi shekara shida yana maimaita abin da mushe ya faɗa kamar aku, sai mu ce ba ya da ƙwaƙwalwa. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da ke gama firamare, kusan tara ba su kai matakin da ake nema ba a karatu. Yara tara cikin goma ba za su zama daƙiƙai gaba ɗaya ba. In rijiya ta hana kowa ruwa, a duba guga.

Ga abin dariya. Wannan yaron da aka ce ba ya ganewa, ba shi salula minti goma ka sha kallo. Zai buɗe wasan ƙwallo, ya zaɓi ƙungiya, ya canza 'yan wasa, ya gyara tsarin tsaron gida, alhali duk rubutun da ke ciki Ingilishi ne ko Faransanci. Ba mushe, ba bulala, ba takardar sakamako. Iyaye na kukan wasannin nan suna cinye lokaci da kuɗin caji, kuma da gaskiyarsu. Amma ni sai na ce masu tsara karatunmu su je su zauna bayan yaran nan su ɗauki darasi. Wasan yana farawa daga abin da yaro ya iya, sannan ya ƙara wuya kaɗan-kaɗan. In ka faɗi, nan take ka ga dalili, ka sake gwadawa, ba wanda zai yi maka ihu. Abu mafi girma kuma, abokin da ke gefenka yana yi maka bayani da Hausa. Kalmar baƙuwa ce a kan allon waya, amma fahimtar da harshen gida take shiga. Abin da masana ke kira karatu da harsuna biyu, yara sun ƙirƙiro shi da kansu a gindin bishiya, kyauta.

Kuma ba sabon abu ba ne gare mu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara koyar da yaro da Hausa kafin a shigar masa da Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji. Shekara sama da hamsin ke nan. Gwajin da ya haura shekara hamsin ai ya isa ya yi jikoki, amma har yau yawancin yaranmu ba su ɗanɗana shi ba.

Wasu za su ce ba a ilimin kimiyya da Hausa. To Yuri Gagarin da ya zagaya duniya a 1961, da Rashanci ya koyi lissafi. Yang Liwei da Sin ta harba a 2003, da Sinanci ya yi karatu. Mu ma ba baƙin sama ba ne: kakanninmu sun raɗa wa Zara suna, sun san Kaza da 'ya'yanta, suna duban sama su san damina ta kusa. Harshen da ya karɓi mota, rediyo da salula bai shaƙe ba, ba zai kasa ɗaukar lissafi ba. Ban ce a kori Faransanci ko Ingilishi ba. A koyar da su da kyau, a matsayin darasi, bayan yaro ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi. Haƙƙin nan kuma ba na Bahaushe kaɗai ba ne: ɗan Barebari, ɗan Fulani, ɗan Buzaye, ɗan Tubawa da ɗan Zabarmawa duk suna da shi.

Sannan akwai ajin kansa. Ba mu manta ba, a 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai a watan Afirilu, ta sake a Maradi a watan Nuwamba, yara sama da arba'in suka rasu. Har yanzu a karkara ana jiran a gama girbi a samu kara kafin a kafa aji. Tauraron da za mu saya, in ya ɗauko hoton Garagumsa daga sama, rumfunan nan zai fara gani.

Don haka abin da nake roƙo ba ya da yawa. A buga littattafan karatu da lissafi na ajin farko da harsunanmu, su iso hannun yara, kada su tsaya a ofis. A horar da malamai, musamman 'yan kwantaragi, yadda ake koyarwa da harshen gida, a kuma biya su kan lokaci. Kwamitocin iyaye su tambayi daraktan lakwal ɗinsu da wane harshe ake fara koya wa 'ya'yansu karatu, su kai maganar har wurin hukumar ilimi ta Takeita. Mu da muka yi jami'a kuma, mu daina yi wa mai rubuta Hausa kallon wanda bai yi boko ba.

Tauraro ana saye da kuɗi. Mai tuƙa shi kuwa sai an raine shi tun daga ajin farko, da harshen da yake ji. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.