Sharhi a Kan Ma'aunin Iskar Mota: Na Asali ko Jabu



Duk direban da ke jigilar fasinja da buhunan hatsi tsakanin Gwashi da Bukkuyum, ko wanda ke bin hanyar Anka ta Daki Takwas har zuwa Gummi, ya san cewa idan hunturu ya kankama, ƙura ba ta barin kome a mota sai ta shige shi, har da wata 'yar na'ura da ke zaune tsakanin matatar iska da bakin inji, wadda aikinta shi ne auna yawan iskar da injin ke shaƙa. A cikinta akwai siririyar waya da lantarki ke zafafawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, gwargwadon lantarkin da ake ƙarawa don ta riƙe zafinta kuwa shi ne shaidar da ake kai wa ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta yanke hukuncin yawan fetur ɗin da za ta saki, bisa ƙa'idar kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi.

To, mas'alar tana nan. Ƙwaƙwalwar ba ta ganin iska da idonta, abin da aka faɗa mata shi take aiki da shi, tamkar alƙalin da ba shi da hujja sai ta bakin shaidu. Idan ma'aunin jabu ne, wanda aka kwaikwayi siffarsa aka bar daidaiton awonsa, sai ya yi ta ba da shaidar zur, mota ta riƙa shan mai fiye da kima, tana baƙin hayaƙi, filogi yana baƙi, ko ta riƙa sheƙa tana mutuwa a kan hawa, alhali mai ita yana ganin ya yi arha a ranar saye. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, wannan arha ba ta daɗewa, domin gidan mai zai karɓe rarar cikin 'yan makonni.

A ganina, wanda lalura ta kama ya nemi na kamfanin da ya ƙera wa motar tun asali, wato Denso ga akasarin Toyota, Bosch ga yawancin Volkswagen, kuma ya kwafi lambar da ke jikin tsohon kafin ya yi aike Gusau ko Ƙofar Ruwa a Kano, saboda biyu na iya kama da juna a ido su saɓa a awo. Na Beljiyam, wato na hannu, in dai mai lafiya ne, ma ya fi sabon jabu a kwali mai ƙyalli.

Sai dai kada a yi gaggawar yanke wa tsohon hukunci. Sau da yawa ƙura ce kawai ta lulluɓe wayar, ko matatar iska ta yage, ko robar da ke kai iska ta tsage. A sa makaniki ya duba waɗannan tukuna, ya fesa wa wayar maganin da aka yi domin wankinta, ba fetur ba, kuma kada ya taɓa ta da tsinke ko yatsa. Wasu motocin ma, irin su Peugeot 406 mai fetur, ba su da wannan ma'auni sam, matsin iska suke aunawa, don haka a tabbatar kafin a fitar da kuɗi.