Duniya Makaranta: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

A wannan mako filinmu zai leƙa ƙasar Rasha ne, inda sha'anin takwara ya daɗe yana rikita 'yan jarida da masu sha'awar wasanni. Idan aka ce maka Aleksanda Volkov ya yi abin bajinta, kada ka yi saurin tafi sai ka tambaya wane daga ciki, domin masu amsa wannan suna da suka shahara sun fi a ƙirga da yatsun hannu guda.

Akwai Volkov ɗan ƙwallon kwando, wanda yana cikin 'yan wasan Tarayyar Sobiyet da suka ci lambar zinariya a wasannin Olimfik na birnin Seoul a 1988, bayan sun kayar da Amurka. Akwai Volkov ɗan wasan tanis, wani bahago, wanda a 1990 ya fitar da Stefan Edberg tun a zagayen farko na babbar gasar Amurka, alhali kuwa a lokacin Edberg ne na ɗaya a duniya. Akwai kuma Volkov ɗan ƙwallon raga da ya ci zinariya a Landan a 2012, ran da Rashawa suka farfaɗo suka doke Brazil bayan kowa ya fid da rai. Har wa yau ga Volkov ɗan dambe, mai laƙabin Drago, wanda ya yi suna a gasar UFC. Ɗan tanis ɗin ya rasu a 2019, to ka ga duk jaridar da ta buga labarin rasuwar ba tare da bayani ba, ta tayar da hankalin masoyan mutum uku a banza. Shi kuwa na ƙwallon kwandon, ko da yake a Omsk ta Rasha aka haife shi, ɗan Ukraine ne, har ya taɓa zama ɗan majalisar dokokinta. Kiransa Barashe bayan yaƙin da ya ɓarke gadan-gadan a 2022 ba ƙaramin kuskure ba ne.

Me ya kawo wannan cunkoso? Dalili shi ne, shekaru aru-aru cocin Rasha yana raɗa wa jarirai suna ne daga jerin sunayen waliyyai, sai sunayen yanka suka taƙaita. Sunan zuriya kuma yawanci daga sunan kaka ko sana'arsa ko laƙabinsa aka samo shi. Ivanov na nufin zuriyar Ivan, watau Yahaya ke nan a wurinmu. Popov zuriyar limamin coci. Volkov kuwa daga sunan kyarkeci ya fito. Da aka 'yantar da talakawan gona a 1861, ɗimbin jama'a suka ɗauki irin waɗannan sunaye.

Su Rashawa suna da maganin abin a gida, domin kowa suna uku gare shi: na yanka, da na uba, da na zuriya. Na tsakiyan nan shi ne jaridun waje kan yar, kuma shi ne mabuɗi. Dubi Valentin Ivanov. Wanda ya ji cewa shi ne ya ci ƙwallo huɗu a gasar cin Kofin Duniya ta Chile a 1962, kuma shi ne ya yi alƙalancin wasan Fotugal da Holan a 2006, inda aka ɗaga katin gargaɗi 16 da jan kati 4, sai ya riƙe baki ya ce wannan wane irin tsoho ne mai jini a jika. Ashe uba ne da ɗansa. Uban Valentin Kozmich ne, ɗan kuwa Valentin Valentinovich, watau Valentin ɗan Valentin. Amma wani lokaci ko sunan uban ba ya raba gardama. Volkov na ƙwallon raga Aleksanda ɗan Aleksanda ne, haka ma Volkov ɗan sama jannati, wanda ya tashi a 1991 yana ɗan Tarayyar Sobiyet, ya sauko a 1992 ya tarar ƙasar ta wargaje.

A fagen nishaɗi ma haka abin yake. Aleksanda Petrov guda mai zane ne, da yatsunsa yake shafa fenti a kan gilashi yana haɗa fim, har ya ci lambar Oscar a shekara ta 2000. Wani Aleksanda Petrov ɗin kuwa ɗan wasan kwaikwayo ne da aka haifa a 1989, tauraron fim ɗin T-34. Ana nan sai a 2018 hukumomin Ingila suka bayyana cewa suna neman wani Aleksanda Petrov bisa zargin sa guba a garin Salisbury, suka ƙara da cewa suna kyautata zaton sunan aro ne. Mai karatun da bai san dawan garin ba, sai ya ɗora wa ɗan wasa laifin da bai ji ba bai gani ba.

Mu Hausawa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. A ajin makaranta guda akan sami Muhammadu biyar, shi ya sa muke jingina mutum da garinsu ko sana'arsa ko laƙabinsa, har aka sami su Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Abin da muke yi wa namu, shi ya kamata mu yi wa na wasu.

Saboda haka muna jan hankalin 'yan'uwanmu ma'aikatan jarida da na rediyo, da ɗalibai masu neman bayani a intanet, cewa kafin a yabi wani ko a zarge shi, a binciki sunan ubansa, da shekarar haihuwarsa, da sana'arsa. Lambar zinariya guminta na mutum guda ne, bai kamata a rataya wa takwaransa ba, balle kuma a shafa masa kashin kaji.